Bakwai Cikin Arba'in

4 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan wannan takarda za ta same ku lafiya, ke da maigidan da yara da Ummi. Yaya gwiwar taki? Kin je an duba, ko har yanzu kina kan keken ɗinki kina cewa sai gobe?

Ni lafiyata ƙalau. Aiki yana nan yadda na gaya miki, zanen gadon asibiti ba ya ƙarewa. A ƙasan gini muke, ba taga, sai injinan wanki shida da babban injin guga. Ni in kama kusurwa biyu, abokin aikina ya kama biyu, mu miƙa wa injin, ya tofo mana shi ta ɗaya gefen a goge. Haka daga safe har la'asar. Da zanen da aka warke a kansa da wanda aka cika a kansa, duk ninki ɗaya muke yi musu.

Labarin da nake son ba ki shi ne na shiga ajin Turanci, Talata da Alhamis bayan an tashi aiki. Kada ki yi dariya. Akwai jarrabawa a watan Yuli. In na ci, za a mai da ni sama, cikin masu tura marasa lafiya a kujera, kuma mai wannan aikin ne ake ba izinin ɗauko iyalinsa zuwa ƙasar nan. Kin ga ke nan Ummi ta kusa dawowa wurina, ke ma ki huta.

Malamarmu wata tsohuwa ce mai rataye tabarau da igiya a wuya. Makon jiya ta raba mana takarda mai kalmomi arba'in, wai duk sunayen abin da mutum yake ji ne a ransa. Arba'in, Yaya! Ni da na ɗauka "fine" kaɗai za ta kai ni har kabari. Tsoron kare daban, tsoron abin da gobe za ta zo da shi daban. Baƙin ciki mai dalili da sunansa, wanda ke sauko wa mutum haka kawai shi ma da nasa. Wani mai gyaran famfo da ke zama kusa da ni ya ce shi tun da aka haife shi biyu ya sani, yunwa da gajiya. Malama ta ce kowa ya zaɓi kalmar da ta dace da shi yau. Mu goma sha ɗaya ne, tara muka zaɓi gajiya.

Na sa kwafin takardar a cikin ambulan ɗin nan, na Ummi ne. Ki ce ta yi jimla da kowace kalma ta aiko mini in duba. Ita ta ƙaru, ni ma in ƙaru. Kin san a waya ba na samun komai daga bakinta sai "lafiya lau, Baba", daga nan mu tsaya muna jin numfashin juna har ki karɓa. Wata tara ke nan da rasuwar mamarta, Allah ya jiƙanta, har yau ban san me zan ce wa yarinyar nan ba. Ko ba komai, karatu abin hira ne.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta


25 ga Fabrairu

Auta,

Takardarka ta iso, mun gode Allah da jin kana lafiya. Mu ma lafiya. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan, mun zuba a ga wanda zai fara gajiya. Maigidan yana gaishe ka, ya ce a tambaye ka ko Turancin ya kai ka fara mafarki da shi.

Dariya kam na yi ta. Kai da Baba ya yi ta fama da kai a kan karatu har ya haƙura, yau kai ne mai ba da aikin gida. In da ranka ka sha kallo.

Na ba Ummi takardar. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune. Ta ce, "Gwaggo, Baba ne ya ce in rubuta?" Na ce shi ne. Ta ce, "Shi zai karanta da kansa?" Na ce to wa zai karanta, maƙwabcinsa? Kwana huɗu tana abu ɗaya. Ta dawo daga makaranta, ta cire yunifom, ta zo ta zauna a kan buhun ƙyallaye kusa da kekena, ta rubuta ta soke, ta rubuta ta soke. Biron ma sai da ta taune masa kai.

Amma da ta kawo, sai na ga layi bakwai kacal. Turanci dai ba na ji, amma ƙirga na iya. Na ce, "Ke, arba'in ubanki ya ce, ina sauran talatin da uku?" Ta ce waɗannan ne nata. Na ce wannan lalaci ne, kuma na san inda aka gado shi. Ta ninke takardar da kanta, ta liƙe ta da salatif, ta ce in sa a ambulan haka. Ga ta nan yadda ta ba ni.

Kada ka sa damuwa a ranka a kan yarinyar nan. Tana ci, tana barci, tana zuwa makaranta, ba ta taɓa sa ni ɗaga murya ba. Nawa ukun nan kullum sai na yi ta haƙilo da su kamar mai kiwon awaki, ita kuwa ko tarinta ba ka ji. Masu kawo ɗinki har cewa suke ina ma tasu ce. Shekara sha uku, hankalin 'yar talatin.

Allah ya ba da sa'ar karatu.

Yayarka


17 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ku duka, ina fatan kuna lafiya. A gurguje nake rubutun nan, a kan kwandon tawul, kafin hutun rabin awa ya ƙare.

Aikin Ummi ya zo, kuma wallahi kaina ya fasu. Yarinyar nan ta fi ni Turanci nesa ba kusa ba. Takanas na je kanti na sayi jan biro irin na Malama, na zauna na bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya. Kowace kalma ta zauna inda ya kamata, ga waƙafi ga aya. Kuskure ɗaya tak na samu, ta tsallake harafi a jimla ta biyu, na zagaye mata shi. Na ba ta maki tara cikin goma, na rubuta mata "very good" a ƙasa da hannuna. Ga ta nan na mayar. Na sa sakatariyar ofishinmu ta yi mini kwafi, in Malama ta dawo in nuna mata irin 'yar da nake da ita. Ba ta da lafiya, wani saurayi ke riƙe mana ajin.

Sai dai gaskiyarki, bakwai ta yi kaɗan, kuma duk masu nauyin ta ɗebo. Ki ce ta yi sauran. Akwai ta farin ciki, akwai ta zumuɗi, akwai ta alfahari, kada ta tsallake ko ɗaya. A jarrabawa ba a zaɓe.

An buga ƙararrawa.

Auta


5 ga Mayu

Auta,

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Gwiwa ta kayar da ni, sati biyu ina kwance, da na tashi na tarar da ɗinkin mutane ya taru ya yi tudu. Yanzu da sauƙi. Yara lafiya, maigidan lafiya.

Ga sauran talatin da ukun nan. Ba ta yi awa ɗaya ba ta gama su. Ta ɗauko ƙamus ɗin makaranta ta buɗe, ta yi ta kwafa, ba sokewa ba gogewa. Wannan karon ba salatif, a buɗe ta bar mini ita a kan tebur ta fita.

Amma akwai magana. Ranar da takardarka ta zo, tun daga bakin ƙofa ta fizge ambulan daga hannun ƙaramin ɗana, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta shige ɗaki. Na ɗan ba ta lokaci, sannan na leƙa. Tana zaune a bakin gado, takardar a cinyarta, ta zuba wa jan biron nan naka ido. Na ce, "Me Baban ya ce?" Ta ce, "Ya ce na yi ƙoƙari." Na ce to madalla. Ta ce, "Babu wata takardar a ciki?" Na zazzage ambulan a gabanta, tawa ce kaɗai ta faɗo.

Tun ranar ba ta ƙara zama a kan buhun ƙyallaye ba. Ba ta yi rashin kunya ba, ba ta ƙi aike ba, amma in ka dube ta kamar ɗakin da aka kashe wa fitila. Ta waya kuwa ka ji da kunnenka, sau biyu na ce maka tana wanka, sau ɗaya na ce tana barci. Ba wanka take ba, Auta. Tana tsaye a gabana tana girgiza kai, ni kuma na yi maka ƙarya.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ni ina ganin makin nan ne. Kai ma ka cika tsanani. Yarinya ta yi kwana huɗu tana wahala, harafi ɗaya ya gagare ka yafewa? Da ka ba ta gomanta cif, me zai ragu a jikinka? Wannan karon ko ka ga kuskure ka kau da ido.

Yayarka


26 ga Mayu

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya, gwiwa kuma ta ƙara sauƙi. Ni jikina lafiya. Sauran sai kin karanta. Ki nemi wuri ki zauna, kuma kada ki karanta a gaban yara.

Ba makin ba ne.

Malama ta dawo ranar Talata. Ana tashi na kai mata takardun biyu ina washe baki. Ta fara duba mai talatin da ukun, ta ce wannan daga ƙamus ne, ta ajiye. Ta ɗauki mai bakwai ɗin. Da ta kai ƙarshe sai ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a ƙirjinta. Ta ce shekarar mai rubutun nawa? Na ce sha uku. Ta ce ina mahaifiyarta? Na faɗa mata. Sai ta ce, "Ka karanta wannan?" Na ce ƙwarai, ga ma makin da na ba ta. Ta ce, "Na ga ka duba. Tambayarka nake ko ka karanta." Ta jawo kujera ta ce in zauna in mai da kowace jimla harshena, in faɗe ta a fili, ko da ita ba ta ji.

Ga abin da 'yata ta rubuto mini, Yaya, da Hausa:

Ina jin kaɗaici duk ranar da aka ba mu sakamako, kowa yana gudu ya kai gida ya nuna, ni ina tafiya a hankali.

Ina jin tsoro don na fara manta muryar Mama.

Ina jin haushin Baba don ya tafi kwana tara bayan an binne ta.

Ina kishin 'ya'yan Gwaggo in tana yi musu faɗa, ni ba ta taɓa yi mini ba, kamar baƙuwa.

Ina jin kunya in an ce ina da hankali, don ba hankali ba ne, tsoro nake kada a gaji da ni.

Ina ganin laifina, don ranar da Mama ta faɗi ta kira ni sau biyu, na ce ina zuwa, ban zo ba.

Ina sa rai Baba zai karanta wannan ya tambaye ni.

A ta uku na tsaya. Malama ta jira har na kai ƙarshe. Ki duba fa, Yaya. A jimla ta biyu, inda take gaya mini muryar uwarta tana ɓace mata, nan na sa jan biro na zagaye harafi.

Kada ki ce Turanci ne ya fi ƙarfina. Babu kalmar da ban sani ba a ciki, duk mun yi su a aji. Littafinmu cike yake da irin waɗannan jimloli, wane yana baƙin ciki don karensa ya ɓata, wance tana fushi don mota ta tafi ta bar ta, kuma ba mai tambaya ko da gaske akwai karen. Haka na ɗauki nata. Wannan ita ce hujjar da nake ba kaina. Amma in na tsaya gaban injin guga, wata zuciyar tana ce mini: ka gani sarai, ka ga kanka a layi na uku, jan biro ne ya fi maka sauƙi.

Kin san ban taɓa jin maganar kiran nan sau biyu ba? Shekara guda tana ɗauke da wannan ita kaɗai. Likita ya gaya mana ko a gabansa ta faɗi, babu abin da zai iya. Ban taɓa gaya wa Ummi ba, don ban san tana bukatar ji ba.

Na rubuta mata takarda daban, ga ta nan, na sa maganar likitan a ciki. Sau biyar ina yagawa. Kalma arba'in na haddace, na rasa wadda zan fara da ita. Ki ba ta a hannunta, ki gaya mini yadda ta yi, kada ki rage mini komai.

Auta


16 ga Yuni

Auta,

Muna lafiya, irin lafiyar taka, ta jiki.

Na zauna kamar yadda ka ce, amma a kan keke na zauna, da yadin wata mata a cinyata. Sai da na wanke shi na goge kafin ta zo karɓa. Kai ka zagaye harafi, ni fa me na yi? A gabana aka rubuta abin nan, a kan buhun ƙyallayena, na ce lalaci ne. Ina ta yabon shirunta a gaban mutane, ashe ƙara mata nake. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ni fuskar nake gani safe da yamma ban taɓa tambaya ba.

Na ba ta takardarka a hannu. Ta karanta a gabana har ƙarshe, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Gwaggo, ai aikin makaranta ne. Baba ya ce in yi jimla, na yi." Na ce, "Ummi, ni ce fa." Ta ce, "Wa ya gaya miki abin da ke ciki?" Na ce kai ne. Ta ce, "Shi da can bai gani ba, yanzu yaya aka yi ya gani?" Ƙarya ta ƙi zuwa bakina, na ce Malamarku ce ta nuna maka. Sai ta ce, "Ashe sai da wata ta gaya masa." Ta mai da takardar cikin ambulan, ta sa a ƙarƙashin littattafanta, ta tambaye ni ko akwai wanke-wanke.

Na yi wata wauta kuma, gara ka ji daga bakina. Washegari ta bar famfo yana zuba, na ce yau zan yi mata faɗa irin na 'ya'yana. Na ɗaga murya, na ce ke wace irin yarinya ce da ba kya jin magana. Ban iya ba, Auta. Ta tsaya tana kallona har na gama, sannan ta ce, "Gwaggo, ba sai kin yi ba." Ta rufe famfon. Ni ce na shige ɗaki na yi kukan.

Abu ɗaya na ga ya shige ta, maganar likitan. Jiya tana taya ni warware wani ɗinki, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Da gaske likita ya faɗi haka, ko Baba ne yake so in ji daɗi?" Na ce ina wurin, da kunnena na ji. Ta ci gaba da aikinta.

Takarda ta yi iyakar abin da za ta iya. Ka nemi hutu ka zo.

Yayarka


30 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ku duka.

Na je wurin shugabar sashenmu. Ta ce hutu sai bayan jarrabawa, sati biyu, ba ƙari. In na zarce, za a ba wani gurbina, izinin zamana kuma da aikin yake tafiya. Ko na ci jarrabawar ma, takardun ɗauko Ummi sai sun yi shekara kafin su fito, wataƙila fiye. Wannan ban sani ba sai yanzu, ko in ce ban tambaya ba.

Na yanki tikiti, zan iso ranar uku ga Agusta in Allah ya yarda. Ki gaya mata. Ki ce zama zan yi kusa da ita, in ta yi magana in saurara, in ta yi shiru ma in saurara.

Ajin ina zuwa har yanzu. Ranar Alhamis Malama ta sake cewa kowa ya zaɓi kalmarsa ta yau. Mai gyaran famfo ya zungure ni, ya ce gajiya dai ko? Na ce a wuce ni.

Auta


14 ga Yuli

Auta,

Muna nan lafiya. In takardar nan ta riga jarrabawa, Allah ya ba ka sa'a. In kuma bayanta ta same ka, Allah ya sa an dace.

Na yi ta juya maganar a raina ko in bari sai ka zo, amma kai ka ce kada in rage maka komai.

Na gaya mata tana yi mini guga. Na ce Babanki yana tafe ranar uku ga watan gobe. Auta, na ga fuskar nan ta washe, na rantse na gani, rabona da ganinta haka tun mamarta tana da rai. Ta ajiye dutsen guga ta ce, "Zai dawo?" Na ce zai zo. Ta ce, "Kwana nawa?" Na ce sati biyu. Ta ɗauki dutsen ta ci gaba. Ta gama riga ta ninke, ta ɗauki wata. Can sai ta ce, "Gwaggo, ki ce masa ya bari kawai." Na ce subhanallahi, ubanki ne fa, har ya yanki tikiti. Ta ce, "Na sani. Wancan karon da ya tafi, sai da na yi wata uku kafin in daina jin takunsa a bakin ƙofa. Yanzu na saba. In ya zo ya koma, daga farko zan sake."

Maigidan ya ce ƙuruciya ce, tana ganinka za ta manta. Ni ban ce haka ba. Sau biyu ina yi maka fassarar yarinyar nan, duka biyun na faɗi, na daina.

Na san don ita ka je can, kuma ba mai cewa wasa kake. Amma shekarar nan da kake cewa a jira, ita ba tsayawa za ta yi wuri ɗaya ba. Sau biyu ke nan ina sauke mata ƙasan siket tun da ka tafi. Ina tsoron ranar da takardun za su fito, a kawo maka budurwa mai ladabi, ta gaishe ka da safe, ta gaishe ka da yamma, shi ke nan. Kada garin neman gira a rasa ido.

Ba zan ce ka bar aikinka ba, ba ni na sha tururin ba. Ba zan kuma ce kada ka zo ba, ni zan je tarbarka ko da jan gwiwa ne. Abu ɗaya nake roƙonka, kafin ka taso ka san amsar da za ka ba ta. Ba za ta tambaye ka abin da ke ranka ba, ba za ta kuma sake gaya maka abin da ke nata ba. Kwana nawa za ta tambaye ka.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka